Kuɗin ɗumama gida ya kusa fin ƙarfinmu: a bar hita a kunne ko a riƙa kashewa?

Maman_Hanif: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema. Wannan ne hunturunmu na farko a Bradford ta ƙasar Ingila, a watan Yuni muka zo ni da yara muka tarar da Baban Hanif. Gidan da muke haya tsohon gini ne na jan bulo, irin waɗanda ke jere a manne da juna. Da muka shiga fam 120 ake cire mana a wata na gas da lantarki, jiya saƙo ya zo wai daga wata mai kamawa fam 210 ne. Maigidan aikin kula da tsofaffi yake yi, kun dai san albashin. Maƙwabciyata ta ce in bar hita a kunne dare da rana a ƙasa-ƙasa, wai ya fi sauƙi. Shi kuma maigida ya ce a kashe gaba ɗaya, kowa ya sa rigar sanyi. Ga jaririya wata 7 a hannuna. Wanne ne daidai don Allah?

Abu_Sadiq_Leeds: Wa alaikumus salam. Maman Hanif, kafin komai ki sauka ki duba mita, ki ɗauki hoton lambobin, na gas da na lantarki, ki tura wa kamfanin. Sau da yawa kintace suke yi da yadda mutanen da suka bar gidan suka riƙa sha. Ni haka ta faru da ni, da na tura lambobin suka rage.

Injiniya_Bala: Abin da Abu Sadiq ya faɗa shi ne na farko. A kan tambayarki kuwa, maganar maƙwabciyarki ba ta cika zama daidai ba a irin gidanku. Zafi kullum gudu yake daga ɗaki zuwa waje, ta bango da taga da rufi, kuma gwargwadon yadda ciki ya fi waje ɗumi, gwargwadon saurin gudunsa. In kin bar gida da ɗumi awa 24, awa 24 kenan kina biyan kuɗin zafin da ke tserewa. Tsofaffin gidajen Bradford da Leeds da yawansu bangon bulo ne ko dutse zalla, babu rata a tsakiya da za a cusa abin tare zafi, don haka yoyon ya fi yawa. Abin da ya fi shi ne ki saita lokaci: ta kunna kanta kamar rabin awa kafin ku tashi Asuba, ta mutu in gida ya ɗauka, ta sake kamawa da yamma. Sai dai in famfon zafi ne na zamani, wanda ke zuƙo ɗumi daga iskar waje, shi kam an fi so a bar shi yana aiki a hankali. Amma ban zaci shi ne a gidanku ba.

Maman_Hanif: Boila ce ta gas a kicin, fara, a manne da bango.

Injiniya_Bala: To akwai babban tankin ruwan zafi a wani kabad a sama, ko da kin buɗe famfo take kunnuwa?

Maman_Hanif: Babu tanki, da an buɗe famfo take fara ƙara.

Injiniya_Bala: Madalla, kombi ce. A gabanta za ki ga maɓalli mai hoton radiyeta. Masu haɗawa sukan bar shi a digiri 70 ko 80. Ki mai da shi 60. Irin waɗannan boilolin an ƙera su ne su sake tatso zafi daga tururin hayaƙinsu, kuma ba sa iya yin hakan sosai sai ruwan da ke dawowa daga radiyetoci bai yi zafi ƙwarai ba. Ɗaki zai ɗan jinkirta kafin ya ɗumama, amma gas ɗin da za ki ƙona ya ragu. Masu tanki kuwa kada su bar zafin tankin ya sauka ƙasa da 60, saboda akwai ƙwayar cuta mai suna lijiyonela da ke hayayyafa a ruwa mai ɗumi-ɗumi.

Anti_Nas_Manchester: Ni a kan maganar Baban Hanif zan tsaya. Ƙanwata, ki faɗa masa da ladabi cewa kashewa gaba ɗaya ba zai yiwu ba da jaririya a gida. Hukumomin lafiya na nan suna ba da shawarar ɗakin da ake zama kada ya gaza digiri 18, musamman ga tsofaffi da masu ciwon zuciya ko na huhu. Ɗakin da jariri ke barci kuwa tsakanin 16 da 20 ake so. Kin ga kenan ba a ce a mai da shi kamar gidan burodi ba. Mu da muka taso a gida mun saba naɗe jariri da hula da safa da bargo uku, to a nan yawan zafin ma hatsari ne gare shi a cikin barci. Kada a sa mata hula in za ta kwanta a ɗaki, kada a sa mata gorar ruwan zafi ko bargon lantarki a gado. Ki sayi ɗan ma'aunin zafin ɗaki, bai fi 'yan fam kaɗan ba, ki rataya kusa da gadonta. Ki riƙa taɓa ƙirjinta ko bayan wuyanta, ba tafin hannu ba, don hannun jariri kullum da sanyi-sanyi yake.

Dan_Kurna: Ni dai hita ƙarama ta lantarki na saya, ina kunna ta a ɗaki ɗaya, na kashe ta gidan duka. Ina ga ya fi.

Injiniya_Bala: Ɗan Kurna, ka lissafa kuwa? Yunit ɗaya na lantarki a ƙasar nan ya kai kusan ninki huɗu na yunit ɗin gas. Hitar da ke cin kilowat 2, awa ɗaya yunit 2 kenan. In yunit yana wajen peni 25, rabin fam ka ƙona a awa. Awa 6 a rana fam 3, a wata fam 90, a ɗaki ɗaya tal. In kai kaɗai ne a babban gida kuma awa ɗaya ko biyu kake kunnawa, zai iya yi maka. Mai iyali kam a'a.

Dan_Kurna: Tabɗi. Ashe shi ya sa katin mitata ba ya kwana biyar. Na gode Injiniya.

Zainabu_Coventry: Ɗalibai irina, bargon lantarki shi ne maganin. Abin da yake ci bai fi wat 100 ba, hitar Ɗan Kurna ta ninka shi sau 20. Ina lulluɓa da shi ina karatu. Da dogon wando na ciki da riga mai kama jiki a ƙarƙashin kaya, da safa mai kauri. Riguna uku marasa nauyi sun fi jibgegiya guda ɗaya riƙe ɗumi.

Hajiya_Uwa_London: Yarana, ku saurare ni. Shekarata 26 a ƙasar nan. Dabarun da kuke faɗa duk na yarda da su, amma akwai abin da ba wanda ya ambata, shi ne danshi. Shekarun baya na yi irin tunanin Baban Hanif. Muka kashe komai, muka toshe kowace kafa, muka rufe tagogi ruf tun daga Nuwamba. Ina dafa tuwo da miya a ciki, ina shanya wanki a kan radiyeta, mutum shida muna numfashi. Kafin Janairu bayan kabad ya yi baƙi ƙirin da funfuna, atamfofina da lesukan da na adana a akwati duk suka yi tabo, autana ya kama tari wanda muka yi wata uku muna zaryar asibiti. Abin da na tara na kashe hita bai kai abin da na yi asara ba, balle lafiyar yaro. Gida mai sanyi in aka cika shi da tururi, ruwan a bango yake kwanciya. In kika tashi da safe kika ga taga tana zufa, to ki san gidan yana faɗa miki wani abu ne. Ki goge ta da tsumma, ki buɗe ta na ɗan lokaci.

Maman_Hanif: Hajiya wallahi kamar kin shigo gidan. Kullum da safe tagar ɗakinmu sharkaf take, kuma na fara ganin ɗigo-ɗigon baƙi a kusurwar silin.

Anti_Nas_Manchester: Kada ki yi wasa da shi. Waɗanda suka daɗe a nan sun san labarin Awaab Ishak, yaro ɗan shekara 2, iyayensa 'yan Sudan ne, ya rasu a Rochdale a Disambar 2020. Binciken da aka yi a 2022 ya tabbatar funfunar gidansu ce ta lalata masa numfashi. Dalilinsa aka yi dokar da ake kira da sunansa, wadda ta tilasta wa masu gidajen kansila (wato ƙaramar hukuma) da na ƙungiyoyin gidaje su gyara irin wannan cikin ƙayyadadden lokaci. Allah Ya jiƙansa, Ya ba iyayensa haƙuri.

Abu_Sadiq_Leeds: Amin. Naku na ɗan kasuwa ne ko na kansila?

Maman_Hanif: Na wani mutum ne, ta hannun ejan muka kama.

Abu_Sadiq_Leeds: To ki ɗauki hoto da kwanan wata, Baban Hanif ya rubuta wa ejan ta imel, ba ta waya ba, don ya zama akwai shaida. In suka yi shiru, sashen kula da lafiyar muhalli na kansila yana da ikon zuwa ya duba gidan haya ko na waye. Sannan ku nemi takardar EPC ta gidan, wadda ke nuna yadda gida ke cin gas da lantarki, ana ganinta kyauta a shafin gwamnati da lambar unguwa. Daga A, mafi kyau, zuwa G ake jera gidaje, kuma a Ingila doka ba ta yarda a ba da hayar wanda ya gaza E ba sai da wani uzuri na musamman. Duk mai neman gida nan gaba ya fara duba wannan harafin kafin ya duba fentin falo. Gidan da hayarsa ta fi araha da fam 50 amma yana E, hunturu ɗaya zai iya karɓe rarar.

Sani_Hamburg: Gaisuwa daga Jamus. Abin da Hajiya ta faɗa, a nan al'ada ce, har a takardar haya wasu ke rubutawa. Sau biyu ko uku a rana a kashe radiyeta, a wangale tagogi gaba ɗaya minti 5 zuwa 10, sannan a rufe. Iskar ta canza amma bango da kujeru ba su huce ba. Abin da suke hanawa shi ne barin taga a ɗan buɗe yini guda, wannan kam zubar da kuɗi ne. Mu matsalarmu a nan, kuɗin ɗumama ana haɗa shi da haya a kan kintace, sai shekara ta zagayo a kawo maka lissafin gaskiya. Wanda ya sake jiki sai ya ga takardar cikon ɗaruruwan yuro lokaci guda.

Issoufou_Lyon: Salamu alaikum, ni ɗan Maraɗi ne a Faransa. Nan digiri 19 gwamnati ke cewa a tsaya. Kuma daga 1 ga Nuwamba zuwa 31 ga Maris ba a korar ɗan haya, ba a kuma yanke ma mutum kuran (wutar lantarki) ko gas don bashi, sai dai a rage mashi ƙarfin kuran. Akwai awoyin dare da kuran ke araha ga wanda ya zaɓi wannan tsari, lokacin muke sa injin wanki.

Zainabu_Coventry: Akwai irinsa a nan, Economy 7, awa 7 na dare da araha. Amma na rana ya fi tsada, sai wanda gidansa ke da hitocin nan masu tara zafi da dare zai ci riba.

Malam_Habu_Kano: Ina karanta ku daga Kano, ƙanena ne ya sa ni a zauren. Mu ma jaura ta sauko, da asuba har haƙora ke kaɗawa. Ni mamaki nake, me zai hana ku sami ɗan kasko da gawayi ku ajiye a tsakar ɗaki kamar yadda iyayenmu ke yi? Na ji ana sayar da gawayin gashi a can.

Anti_Nas_Manchester: Malam Habu, don girman Allah kada wani ya gwada wannan. Gawayi yana fitar da iskar kabon monoksaid, ba ta da wari, ba ta da launi. Mutum zai ji ciwon kai da jiri da kasala, ya ce bari ya ɗan kwanta, shi kenan. Gidajen nan a like suke, tagogi gilashi biyu, ƙofofi da roba a gefe. Ko a gida Najeriya da ɗakuna ke da kafofi, ai muna jin labarin iyalan da aka wayi gari babu su saboda kasko ko janareta a ɗaki a rufe. Haka kunna murhun gas ko buɗe oben don jin ɗumi, shi ma kada a yi.

Malam_Habu_Kano: Subhanallahi. Na janye maganata, Allah Ya saka da alheri. Zan ma faɗa wa mutanen gidana, don tsohuwarmu da kasko take kwana.

Ummu_Khadija: To Anti, turaren wuta fa? Ni kullum sai na sa garwashi ɗaya.

Anti_Nas_Manchester: Garwashi ɗaya na 'yan mintoci ba ɗaya yake da kasko cike ba, amma ki buɗe taga, ki kashe shi da kin gama, kuma ba a ɗakin da jariri yake ba. In da hali ki koma kaskon lantarki. Kowa kuma ya tabbata akwai ƙararrawar kabon monoksaid kusa da boila. Tun Oktoban 2022 dole ne mai gidan haya a Ingila ya sa ta, kuma dole a duba kayan gas sau ɗaya a shekara a ba ɗan haya takardar.

Dattijo_Sheffield: Mu dawo kan kuɗi. Akwai kuskuren da na ga sababbin zuwa suna yi. Suna jin an ce Ofgem, hukumar da ke kula da kamfanonin gas da lantarki, ta sa iyakar farashi, sai su ɗauka akwai adadin da bil ba zai wuce ba. Ba haka ba ne. Farashin yunit aka ƙayyade, da kuɗin da ake cira kullum ko ka kunna ko ba ka kunna ba. Iya shanka iya biyanka. Kuma duk wata uku ake sake shi, Janairu, Afrilu, Yuli, Oktoba. Mu da muka ga hunturun 2022, bayan Rasha ta shiga Yukiren gas ya yi tashin gwauron zabi, sai da gwamnati ta rage wa kowane gida fam 400 a cikin wata shida. Farashin ya sauko daga wancan matakin, amma bai koma inda yake a da ba.

Ummu_Khadija: Baba, na ji ana ba da fam 150 na Warm Home Discount. Ya ake nema?

Dattijo_Sheffield: Ga masu karɓar tallafin gwamnati na masu ƙaramin ƙarfi ne, kuma a Ingila galibi da kansa yake shiga bil. Akwai kuma fam 25 da ake ba wasu in sanyi ya kai sifili kwana 7 a jere. Amma 'yata, yawancin 'yan zauren nan bizar karatu ko ta aiki gare su, an rubuta musu ba su da haƙƙin kuɗin tallafin gwamnati. Kada wani ya je ya cike abin da zai ɓata masa takardu. A fara tambayar ƙungiyar ba da shawara ta Citizens Advice, kyauta ne. Abin da kowa zai iya yi shi ne ya kira kamfaninsa tun kafin bashi ya taru, a tsara masa biya kaɗan-kaɗan. Mai ƙaramin yaro ko marar lafiya a gida kuma ya ce a sa shi a rajistar waɗanda ake ba fifiko, ba a biyan ko peni.

Abu_Sadiq_Leeds: Ƙari a kan na Baba: in kamfani ne ya yi sakacin kawo bil daidai, ba shi da ikon bin ka kuɗin abin da ya wuce wata 12. In kuka yi mako 8 kuna ja-in-ja ba a warware ba, akwai ofishin sasanci na makamashi da ake kai ƙara.

Hajiya_Uwa_London: Na kicin kuma, tunda mu ba masu cin burodi da cuku ba ne. Wake a jiƙa shi tun dare. Ganda da ƙafar sa da kaza mai tauri, tukunyar firesha. A rufe tukunya, a kunna fankar da ke zuƙe tururi, a ja ƙofar kicin. Miya a yi ta mako a raba a firiza. Ruwan shayi a tafasa iya wanda za a sha, sauran a zuba a fulas, ya ishe ku har na alwala a sirka.

Dan_Kurna: Ni abin da ya fi ci min rai, ga bil ga 'yan gida suna jiran a turo. In ka ce musu kuɗin ɗumama ɗaki ya kai kaza, sai su buga shi da naira su ce ba zai yiwu ba.

Dattijo_Sheffield: Ka yi musu bayani da haƙuri, ba su gani ba ne. Amma kada ka zauna cikin sanyi har ka kwanta ciwo don ka cika abin da ka saba turawa. In ka kwanta, wa zai tura musu? Ka rage a watannin nan uku, ka faɗa musu dalili, in bazara ta zo ka cike.

Zainabu_Coventry: Ranar da ba ni da lacca a laburaren gari nake yini, da ɗumi kuma kyauta. Wasu masallatai ma suna buɗe zaure da shayi a hunturu. Maman Hanif, akwai zaman iyaye mata da jarirai a laburare da yawa, za ki fita ki ga mutane, hitar gida ta huta awa biyu.

Bashir_Glasgow: Ban yarda da Injiniya ɗari bisa ɗari ba. Gidana na dutse ne, in na bari ya huce gaba ɗaya, sai boila ta yi awa uku tana fama kafin a ji ɗumi, kuma a lokacin ne bango ke jiƙewa. Da na saita tamostat, na'urar daidaita zafin gida, a 16 da dare da lokacin da ba ma nan, 19 in muna gida, bil ɗin bai ƙaru da wani abin kirki ba, danshin kuma ya tafi.

Injiniya_Bala: Malam Bashir, ba mu yi nisa da juna ba. Abin da kake yi ba shi ne barin ta tana ci dare da rana ba, ƙasa ka sa mata wadda ba za a faɗa ƙarƙashinta ba. A gidan da funfuna ta riga ta fara, kamar na Maman Hanif, ni ma hakan zan ce. Zai ɗan fi kashewa gaba ɗaya tsada, wannan kam gaskiya ne, ba zan ɓoye ba. Kowa ya gwada a gidansa: mako ɗaya haka, mako ɗaya haka, ya rubuta lambar mita safe da safe, amma ya lura da makon da ya fi sanyi don kada lissafin ya ruɗe shi.

Bashir_Glasgow: To a nan mun haɗu. Sai dai ni har yanzu ina ganin a tsohon gida gara a biya ƙarin.

Hajiya_Uwa_London: Ku ƙara wa Maman Hanif da na iska. Tsohon tawul a naɗe a ƙasan ƙofar waje. Labule mai kauri, a ja shi da Magariba, amma kada ya rufe radiyeta, a tura shi bayanta. A janye kujera daga gaban radiyeta, kabad kuma a ɗan matsar da shi daga bangon waje. In kin taɓa radiyeta kin ji ƙasa da zafi sama da sanyi, iska ce a ciki, akwai ɗan makulli da ake sassauta ta da shi ta fita. Ramukan iska da aka gina a bango kuwa kada ki toshe su, da dalili aka yi su.

Maman_Hanif: Allah Ya saka wa kowa da alheri, Ya bar zumunci. Na tura lambobin mita, na mai da boila 60, Baban Hanif ya karanta saƙon Anti da na Hajiya ya yi shiru, ya ce gobe zai sayo ma'aunin ɗaki ya kuma rubuta wa ejan. Mun tsaya a kan 18 da rana, 16 da dare, mu ga abin da mita za ta nuna. Saura wanki. Kayan yara kullum ne, waje ba sa bushewa, Hajiya kuma ta hana radiyeta. Ina zan kai su?

Hajiya_Uwa_London: Ɗaki ɗaya, a kan marataya, ƙofa a rufe, taga a ɗan buɗe. Ki sa injin ya ƙara matse su zagaye na biyu kafin ki fitar.

Bashir_Glasgow: Ko na'urar tsotse danshi. Tana cin wuta kaɗan, ba kamar injin busarwa ba, kuma za ki ga ruwan da take tarawa da idonki.

Dan_Kurna: Nawa take, Malam Bashir? Kuma akwai wanda ya taɓa sayen ta hannu ta yi masa aiki?